Yadda Na Koya wa Baffa Tanimu Dukan Haɗi

Wata Asabar da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji shida na firamare, Baffa Tanimu ya kai wa iska naushi a zauren gidanmu har na'urar gem ta faɗo ƙasa. Na tuna ranar sarai, domin da safiyarta aka ɗaure damman geron ƙarshe a gonar Baba, ƙaiƙayi bai ma bar wuyana ba. Baffa yana zaune a kan tabarma, fad ɗin da ake danna gem da shi ya ɓace a cikin tafin hannunsa, ni kuma ina durƙushe a gefe ina faɗa masa abin da zai danna. Na ce ƙarami, ƙarami, sannan babba. Ya ce ya ji. Da mutumin cikin talabijin ya matso, sai Baffa ya manta da yatsansa, ya yunƙura da kafaɗa gaba ɗaya kamar yana fili. Waya ta miƙe, na'ura ta taso daga kan akwati ta bugu da daɓe, kaset ya yi tsalle waje, hoton ya watse. Ya juyo da fuskarsa a sake ya ce, “Sabi'u, ya faɗi?” Na tashi na tsinto kaset ɗin. Da ba ƙanen mahaifina ba ne, Allah kaɗai ya san abin da zan faɗa masa a wannan hantsi.

Ƙauyenmu yana gabas da Kano, tafiyar keke kaɗan daga Gezawa, irin ƙauyukan nan da gona take farawa daga jikin katangar gida, ba ka fita daga ta wani sai ka faɗa ta wani. Gidanmu gidan mahauta ne tun kakanni, amma kowa da fartanyarsa, domin fawa kaɗai ba ta riƙe gida. A shekarun nan kuwa ko kanta ba ta riƙewa. Taki ya gagari talaka, man fetur ya yi ɓatan dabo, motocin da ke bin hanyar birni suka ragu, mutane suka daina tambayar tsoka sai ƙashi da kayan ciki. Baba yakan yanka akuya ranar kasuwa, ya yini yana korar ƙuda, da yamma ya dawo da sauran a shanya. A cikin wannan hali yayana Auwalu ya tafi cin rani birni, kowa yana sa rai zai dawo da taki ko da rabin buhu ne. Da damina ta kawo kai sai ga shi da kwali a ka. Aka buɗe, aka tarar da 'yar talabijin mai baƙi da fari, da tsohuwar na'urar gem ta hannu, da fad biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, da kaset ɗaya tilo na wasan faɗa. Baba ya dubi kayan, ya dubi Auwalu, ya ɗauki hularsa ya fita. Sai da aka gama noman farko kafin ya sake amsa gaisuwarsa da baki.

Wutar lantarki ba ta iso mu ba, saboda haka da tsohon batirin mota ake kunna kayan, kuma kai batirin caji Gezawa aikina ne. In ɗaure shi a bayan keken Baba da igiyar roba, in bi ta tsakanin gonaki ina kauce wa rairayi, in je in tarar mai cajin ya rafka tagumi, babu wuta, janareto kuma babu mai. Wani lokaci batirin ya yi kwanaki a can. Ruwansa ya cinye mini wandon makaranta har Inna ta gaji da faci. Amma ban yi ƙorafi ba a lokacin, domin ladan aikin shi ne in an kunna ni ne na farkon riƙe fad.

Yaran unguwarmu dannawa kawai suke yi kamar masu kashe cinnaku, kowane maɓalli ya sha, in an yi sa'a a ci. Ni ma haka na fara, sai Yaya Auwalu ya nuna mini abin da ya koyo a birni, wanda muke kira haɗi. Ƙaramin naushi, ƙaramin naushi, sannan babba, a jere, ba tare da abokin faɗa ya samu damar numfasawa ba. Na ukun ne ke ɗaga shi ya maka shi da ƙasa, kai kuma ka matsa ka tsaya a kansa, yana miƙewa ka sake tare shi da wani. A baki abu ne mai sauƙi. A yatsa kuwa, in ka yi gaggawa na'urar ta haɗiye na biyun, in ka yi nawa mutumin ya kare ya rama. Akwai wata 'yar tazara a tsakani wadda ba ta faɗuwa da baki, sai dai yatsa ya gano ta da kansa. “Kada ka kore shi, kada ka jira shi,” iyakar bayanin da Yaya ya yi mini ke nan. Da yake batiri ba ya jure koyo, sai na koma koyo a kan duk abin da hannuna ya taɓa. Na danna a ƙotar fartanya ina noma, na danna a bakin guga a rijiya, na danna a ƙarƙashin benci Malam yana lissafi a allo, har ya ɗauka ƙaiƙayi ke damuna. Kafin gero ya fid da kai babu mai iya tsayawa gabana a unguwar, har samari. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin, kuma ba na ɓoyewa.

Baffa Tanimu sashensa yana cikin gidanmu. A ƙuruciyarsa ɗan dambe ne da ake jin sunansa a karkarar nan, kowace kaka yana yawo fili-fili da makaɗansa. Ni ban ga wannan zamani ba, labarinsa na tarar, kuma abin da aka fi ba da labari shi ne ƙarshensa. Wata kaka, a filin ƙauyenmu, a gaban iyayensa da dangi, wani mahauci daga Gezawa mai suna Isuhu Bahago ya kai shi ƙasa. A dambe, da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Faɗuwar ta zo masa a kan kafaɗar dama, ta goce, masu ɗori suka yi iya yinsu amma hannun bai sake wuce kunne ba. Ramuwar da ya ci alwashin yi a kaka mai zuwa ba ta yiwu ba har gemunsa ya yi fari. Na taso na san shi mutum mai shiru, ya yi fiɗa, ya yi noma, ya zauna a gindin dalbejiya yana murza igiya. In an ji kalangu a fili, shi ta bayan gari yake zagayawa.

Ana cikin yankan gero aka yi suna a gidanmu, Isuhu Bahago ya zo, domin fawa ta haɗa shi da Baba, kuma gaba ba ta taɓa shiga tsakaninsa da Baffa ba, sai dai tsokana wadda ɗaya ke yi ɗaya na haɗiyewa. Ya leƙo zaure ya gan mu a gaban talabijin, ya ce ai ya san wannan, jikokinsa suna da irinta, har yakan taɓa. Sannan ya juya wajen Baffa, a gaban dattawan da ake raba wa goro, ya ce, “Tanimu, ko a cikin akwatin nan ka shigo, sai na sake kwantar da kai.” Aka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya ce, “Ka dawo in an gama yankan dawa.” Kafin magariba maganar ta gama ƙauye. Washegari Yaya Auwalu ya kira ni ya ce daga yau duk cajin da aka samo na Baffa ne, ni kuma ni ne malaminsa. Wato in ci gaba da jigilar batiri, in daina wasa, in zauna ina kallon wani yana ɓarnar wutar da na sha rana na kawo.

Na yi shekaru ina koyarwa a makaranta bayan nan, amma ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai irin Baffa ba. Da farko dai zaɓen mutum. Kaset ɗin cike yake da zaratan mayaƙa masu tsalle da sauri, Baffa ya tsallake su duka ya zaɓi wani ƙato mai tumbi wanda ya fi kowa nawa, wai shi kaɗai ne ya iya tsayuwa. Sai kuma yatsa. Babban yatsan mutumin da ya tsufa yana fiɗa da noma faɗinsa ya kai maɓalli biyu, in ya danna ɗaya sai na kusa ya bi, kuma dannawar ba ta wasa ba, kana jin robar tana kuka. Na ce a hankali, Baffa. Ya ce ai duka ne, ba shafa ba. Ga kuma jira. Ɗan dambe ba ya afkawa, sai ya duƙa, ya auna, ya zagaya. Haka Baffa zai tsayar da ƙatonsa yana kallon abokin faɗa ido cikin ido, ana jibgarsa, yana cewa bai ga ƙofa ba tukuna, har agogon da ke saman hoton ya ƙare. Ni kuwa hankalina na kan batiri, domin in ya fara sanyi hoton tsukewa yake yi daga sama da ƙasa, mayaƙan su gajarce su koma wadanni, daga nan sai duhu. Sau da yawa cajin da na yi kwanaki ina jira a haka yake tafiya, Baffa yana nan yana neman ƙofa.

Babbar rigimar ita ce ƙaramin naushi. Baffa ya ce shi bai san da shi ba. A dambe hannu ɗaya ake naɗewa da zare, shi ne mashi, shi ke duka. Ɗayan a buɗe yake, garkuwa ce, ba a dukan mutum da shi. Mutumin cikin talabijin kuwa da hagu yake ƙaramin naushi, da dama yake babba. Saboda haka Baffa ya yanke hukunci cewa maɓallin ƙarami na marasa tarbiyya ne, ya tattara ƙarfinsa a kan babba kaɗai, shi kuma babban in ya fito shi kaɗai, kafin ya iso ko tsoho ya kauce. Na yi bayani da baki, na yi da yatsa, na zana maɓallan a ƙasa da tsinke, na kama yatsansa na ɗora. Ya gyaɗa kai, a kunna, ya koma gidan jiya. Ran nan na fita daga zauren na sami Inna tana tankaɗe, na ce mata ni na gaji, a nemi wani. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ka lura da kwanon tuwonsa kwanan nan?” Ban lura ba. Ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin Baffa ya cinye tuwonsa da kaka ba, lokacin da kalangu ke tashi, sai bana. “Koma ka zauna da shi.” Na koma, amma ba don na huce ba.

Abin da ya warware matsalar ba dabarata ba ce, shi ya sa har yau yake ba ni haushi. Muna tsinkar gyaɗa a gonar bayan gari, ni da shi, batiri yana Gezawa, sai na ɗauki kara ina buga haɗin a bayan ƙwarya don takaici, kaf, kaf, dum. Baffa ya tsaya da aiki ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi ƙwaryar ya buga da yatsunsa, daidai, da tazarar nan da ni na sha wahala kafin in samu. “Ashe kiɗa ne,” in ji shi. “Me ya hana ka faɗa mini tun farko?” Sannan ya miƙa hannun hagu gaba sau biyu a buɗe, ya biyo da dama, ya ce ai haka ake auna nisan mutum da garkuwa kafin a saki mashi, shi ya san wannan tun ba a haifi Auwalu ba. Ya ƙara da cewa ban iya koyarwa ba ne kawai. Na koma kan tsinkar gyaɗata. Da batiri ya dawo, gwajin farko, ƙarami, ƙarami, babba, mutumin ya yi sama ya faɗo. Na daka tsalle har kaina ya kusa taɓa azara.

Murnar ba ta yi nisa ba. Mutumin yana taɓa ƙasa Baffa ya ajiye fad a tabarma, ya ɗaga hannun hagu, ya ce an yi kisa. Mutumin ya miƙe ya zo ya lakaɗa wa ƙaton Baffa duka har ya sume, Baffa yana kallo cikin mamaki yana tambayar ina masu rabon faɗa. Na nuna masa layin da ke saman hoton, na ce wannan jininsa ne, sai ya ƙare ake ci, faɗuwa ɗaya ba komai ba ce, in ya faɗi matsawa za ka yi ka tsaya a kansa. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi ashar a masallaci. “Wanda ya taɓa ƙasa ba a bin sa,” ya ce. “Ni aka kayar, ni na sani. Da Isuhu ya ƙara mini ko ɗaya a ranar nan, da ba ka same ni ba.” Na ce Baffa, wannan fa hoto ne. Ya ce hoton ma ai mutum aka zana. Mun yi ta wannan ja-in-ja har dawa ta nuna. Na roƙe shi, na yi fushi, na sa Yaya Auwalu ya yi masa magana, na ce to ko ba zai bi mutumin ba ya dai riƙe fad ɗin a hannu. Ya ce to. Gobe mutum ya faɗi, fad ya koma tabarma.

Ranar da aka sa, wata Juma'a bayan la'asar, zaure ya yi kaɗan, aka fito da talabijin gindin dalbejiya aka ɗora a kan teburin fawa, aka yafa mata zane ta sama saboda hasken rana. Mutanen da tsadar rayuwa ta daɗe da ɗaure wa fuska suka cika wurin, mata suna leƙe ta kan katanga, wani tsohon makaɗi da ban san wanda ya gayyato shi ba ya zo da kalangu a hammata. Har Baba, wanda ya ce ba zai taɓa kallon akwatin nan ba, ya tsaya baya-baya yana yi kamar awakinsa yake nema. Cajin da na samo bai cika ba, ni da Yaya kaɗai muka sani. Isuhu ya zo da jikansa Nura, sa'ana, wanda ya zauna a gefensa kamar yadda na zauna a gefen Baffa. Aka kunna. Isuhu bai iya haɗi ba, dannawa kawai yake yi da hagunsa irin na yaran unguwarmu, amma ya zaɓi wani siririn mayaƙi mai sauri, Baffa kuwa, kamar kullum, ya tsaya neman ƙofa. Ina kallo jinin ƙatonmu yana zurarewa, ya wuce rabi, ya koma saura ƙiris, na Isuhu ko taɓa shi ba a yi ba. Hoton ya fara tsukewa. Na sa yatsa a gwiwar Baffa ina buga masa kiɗan, kaf, kaf, dum.

Sai siririn ya yi tsalle ya dira kusa, Baffa ya ga ƙofarsa. Ƙarami, ƙarami, babba. Ban taɓa ganin haɗi mai tsabta irin wannan ba, har a hannuna. Mutumin Isuhu ya yi sama ya faɗo da baya, kalangu ya tashi, Baffa kuwa ya ajiye fad a tabarma. Na ce, “Baffa ɗauka, don Allah ɗauka, tashi zai yi.” Ko kallona bai yi ba. Siririn ya miƙe da jininsa kusan a cike, ƙatonmu yana tsaye sororo, taɓawa ɗaya ta rage ya kife. Nura yana ta zungurar kakansa yana cewa ya danna ko wanne ma. Isuhu ya dubi hoton, ya dubi fad ɗin da ke kan tabarma, ya dubi Baffa. Sai ya ajiye nasa a kusa da shi. “Bayana ya taɓa ƙasa, kowa ya gani,” ya ce. “Tanimu ya yi kisa.” Ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun daman Baffa, mai kafaɗar nan, ya ɗaga shi a hankali iyakar inda yake iya kaiwa, daidai kunne.

Wuri ya kaure. Makaɗin ya tuno taken Baffa na da, dattawa suna ta miƙa masa hannu, na ga Baba yana goge ido da bakin riga yana cewa hayaƙi ne, alhali babu wanda ya hura wuta. Mu yara kaɗai muka rage a gaban talabijin. Mayaƙan biyu suna tsaye suna rangaji, babu mai taɓa wani, har agogo ya ƙare, na'ura ta duba jini ta ba mutumin Isuhu nasara, ya hau rawa a cikin ɗan hoton da ya rage. Nura ya ce kun gani, mu muka ci. Na ce kakanka da bakinsa ya ce an kashe shi. Muka yi ta musu, kowa yana jan rigar babban da ke kusa da shi don ya zo ya duba, babu wanda ya waiwayo, har batirin ya mutu ya tafi da shaidar. Na yi kuka a ranar, kuma ba na murna ba ne, na takaici ne tsantsa. Kaka guda ina koyar da mutum, ya yi rabin abin da na ce, aka kuma ce shi ne gwani. Da aka watse Baffa ya dafa kaina ya ce na yi ƙoƙari, sai dai ina da gaggawa. Bai sake taɓa fad ba har ya bar duniya. Amma a kakar nan, da kalangu ya tashi a fili, ta tsakiyar gari ya bi, ya je ya zauna a sahun gaba.

Yanzu turakun wuta sun iso ƙauyenmu, ko da yake wutar sai ta ga dama, gonar gyaɗar nan kuma an yanka ta filaye. Dalbejiyar tana nan, teburin fawa babu, Baffa da Isuhu duk sun riga mu, Allah ya ji ƙansu. 'Ya'yana a waya suke wasan faɗa, babu igiyar da za a fizge, babu batirin ɗauka a keke, haɗinsu kuma ya fi ƙarfin lissafina, mutum yana sama ana dukansa, yana ƙasa ana dukansa. Wani lokaci ƙaraminsu, wanda na sa wa sunan Baffa, yakan miƙo mini in gwada da shi. Ƙarami, ƙarami, babba har yanzu yana yatsana, nakan kuma kayar da mutuminsa. Daga nan sai yatsan ya tsaya da kansa, ba da shawarata ba, nasa ya miƙe ya gama da ni. Yakan dube ni da wata irin fuska da na san na taɓa yi, ya ce, “Baba, ai in ya faɗi bin sa ake yi.” Nakan ce na sani. Ashe ba ni kaɗai nake koyarwa a zauren nan ba.